Kare namun daji: a duba abin da bincike ya tabbatar kafin a zuba kuɗi a Falgore

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan kare namun daji, batun da ba kasafai yake samun gurbi a jaridunmu na Hausa ba sai ranar da wani abin tashin hankali ya faru, kamar giwaye su faɗa wa gonaki ko zaki ya kashe shanu. Abin da ya dame ni shi ne tambayar da ya kamata a fara yi amma ake tsallake ta: a cikin matakan da ake ɗauka domin kare dabbobin nan, wanne ne aka gwada aka ga yana aiki, wanne ne kuma ake yi kawai domin an saba yin sa?

A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar da amincewarta a mayar da wasu dazuzzuka 10 gandayen ƙasa, ciki har da Falgore na nan Kano, da dausayin Haɗejiya a Jigawa, da Kogo a Katsina. Falgore daji ne mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 900 a kan hanyar Jos, ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma ta cikinsa kogin Kano yake ratsowa kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda noman rani na Kura da Kadawa ya dogara da ita. Duk sa'ad da maganarsa ta taso, abin da na fi ji shi ne jerin ayyuka: a kewaye shi, a gina masaukin baƙi, a sayo motoci, a kawo dabbobi daga waje, a yi gangamin wayar da kai. Kowanne daga ciki yana da daɗin ji, amma daɗin ji ba hujja ba ne, kuma yau akwai hujjoji masu yawa da masana suka tara waɗanda bai kamata mu yi aiki kamar babu su ba.

Hanyar da masana suke bi su gane ko mataki ya yi aiki ba baƙuwa ba ce ga manomi. Wanda yake son ya san ingancin wani sabon taki ba ya zuba shi a gonarsa duka sannan ya yaba masa don damina ta yi kyau. Yakan raba gonar biyu, ya zuba a ɓangare ɗaya ya bar ɗaya, ya auna abin da kowanne ya ba shi a kaka. Haka ake yi a binciken kare namun daji na ƙwarai: a ƙirga kafin a fara, a ƙirga bayan an yi, sannan a kwatanta da wani wuri mai kama da shi da ba a taɓa ba. Misali mafi tsabta da na sani ya fito ne daga yammacin Yuganda, a dazuzzukan da birai cimfanzi suke zaune. An ɗauki ƙauyuka 121, aka zaɓi 60 daga cikinsu da ƙuri'a, aka riƙa biyan masu filayen daji shilin 70,000 a kan kowace hekta a shekara idan ba su sare itace ba. Bayan shekara biyu hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna cewa inuwar itatuwa ta ragu da kashi 4.2 cikin 100 a ƙauyukan da aka biya, ta kuma ragu da kashi 9.1 a waɗanda ba a biya ba. A lura cewa daji ya ragu ko a inda aka biya. Da babu ƙauyukan kwatanci, da sai a ce shirin ya gaza, alhali kuwa ya rage ɓarnar da fiye da rabi.

A watan Afrilu na 2024 mujallar Science ta buga wani babban nazari da Penny Langhammer ta jagoranta, wanda ya tattara bincike 186 masu ɗauke da gwaji 665 daga sassan duniya, kowanne da abin kwatancinsa. Sakamakon yana da ƙarfafa gwiwa, domin a kashi 66 cikin 100 na gwaje-gwajen matakin da aka ɗauka ya gyara halin da halittu suke ciki ko ya rage saurin lalacewarsa. Wannan ya isa amsa ga masu cewa aikin kare daji asarar dukiya ne. Amma a kusan gwaji ɗaya cikin kowane biyar abin ya fi muni a inda aka sa hannu fiye da inda aka bari, kamar yadda ya faru a gaɓar tekun Indiya, inda aka yi ta tumɓuke wata baƙuwar ciyawar ruwa da hannu, sai ta kakkarye gutsattsarinta suka bazu suka tsira a sababbin wurare. Kyakkyawar niyya ba ta hana mataki cutarwa, don haka ne ake aunawa.

Bari in fara da abin da muka fi dogara da shi, wato shelanta daji a matsayin gandu. Wani nazari da aka buga a 2010, wanda ya bi diddigin manyan dabbobi a gandaye 78 na Afirka daga 1970 zuwa 2005, ya samu cewa yawansu ya ragu da kashi 59 cikin 100 a cikin gandayen kansu, a Afirka ta Yamma kuwa raguwar ta kai kashi 85. Waɗannan wurare ne masu doka da iyaka da allon sanarwa a bakin hanya. Masu binciken da suka tattara bayanai a kan gandaye 21 na yankinmu suna neman zaki sun ba da rahoto a 2014 cewa a wurare huɗu kacal suka same shi, biyu daga ciki a Najeriya, wato Yankari da Kainji, kuma duk zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba. Haka kuma a 2022 mujallar Nature ta buga nazarin tsuntsayen ruwa a gandaye 1,506 na ƙasashe 45, inda aka ga cewa kasancewar wuri gandu ba ya tabbatar da tsuntsaye za su ƙaru. Abin da ya fi bambanta gandu mai amfani da marar amfani shi ne ko ana kula da shi musamman domin tsuntsayen da wurin zamansu.

Wannan sakamakon na ƙarshe ya shafe mu Kanawa kai tsaye, ko da yake ba ma yawan tunawa. Dinya da kirinjijiya da sauran tsuntsayen da suke sauka a dausayin Haɗejiya da Nguru, har da masu ƙetaro hamada daga Turai lokacin hunturu, rayuwarsu tana rataye ne da ambaliyar da take malala a fadama kowace shekara, ita kuma ambaliyar ta ragu ƙwarai tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Ana iya kiran dausayin gandun ƙasa a zuba masa ma'aikata, amma muddin ba a tsara yadda za a riƙa sakin ruwa daga madatsun da suke ƙasar Kano ba, kachalla za ta ci gaba da toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya da tsuntsaye duk su yi asara tare.

Dalilin gazawar gandaye da yawa ba ɓoyayye ba ne. A 2018 Peter Lindsey da abokan aikinsa sun lissafa cewa gandun da yake da zakuna yana bukatar dala 1,000 zuwa 2,000 a kan kowane murabba'in kilomita a shekara kafin a iya tsare shi yadda ya kamata, kuma kusan tara cikin kowane gandu goma na Afirka ba sa samun hakan. Ma'aunin an yi shi ne domin gandayen zakuna, amma idan muka ɗora mafi ƙarancinsa a kan faɗin Falgore za mu ga ana maganar kusan dala 900,000 ce a kowace shekara, kuma ba kuɗin gini ba ne da ake kashewa sau ɗaya, kuɗin albashi ne da abinci da mai da takalma da gyaran hanya, waɗanda ba a yanka musu kirtani a yi biki.

Inda aka samar da irin wannan kuɗi da kulawa an ga canji, kuma misalan suna kusa da mu. Gandun Zakouma na ƙasar Cadi yana da giwaye fiye da 4,000 a 2002, amma zuwa 2010 mahaya dawakai masu neman haure sun mayar da su kimanin 450, har garken ya daina haihuwa saboda firgici. A shekarar ce gwamnatin Cadi ta damƙa gudanar da gandun ga ƙungiyar African Parks, wadda ta sa ma'aikata suka riƙa zama a daji har da damina maimakon su janye kamar da, ta ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda garke yake, ta kuma raba rediyon sadarwa ga ƙauyukan da ke kewaye domin su ba da labari idan sun ga baƙin mahaya. An biya farashi mai tsada, domin a watan Satumba na 2012 an bindige ma'aikata shida a sansaninsu na Heban suna sallar asuba, Allah ya jiƙansu. Amma kisan giwa ya kusan tsayawa cak, haihuwa ta dawo, garken ya haura 500. A Yankari ma, inda ƙidayar jirgin sama ta 2006 ta samu giwaye 348 kafin su faɗo zuwa tsakanin 100 da 150, gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS a 2014 a kan tafiyar da sintiri, aka riƙa ba masu gadi guzuri da alawus da kayan aiki, ana kuma bin sawun kowane sintiri da na'ura domin a san inda aka taka da inda ba a taka ba. Daga watan Mayu na 2015 aka shafe shekaru da dama ba a samu gawar giwar da aka kashe domin haure ba.

Sai dai adalci ya sa in faɗi cewa waɗannan misalai biyu kwatancin jiya da yau ne kawai, babu wani gandu na biyu da aka bari domin a gwada da shi, kuma akwai binciken da ya nuna cewa sintiri shi kaɗai ba ya isa. A watan Yuni na 2025 mujallar Science ta buga aikin Timothy Kuiper da abokansa a kan gandaye 11 na yankin Kruger a Afirka ta Kudu, inda aka kashe karkanda 1,985 tsakanin 2017 da 2023. An kashe dala miliyan 74 a kan masu gadi da karnukan bin sawu da jirage masu saukar ungulu da kyamarori, an kama mafarauta fiye da 700, amma da aka zauna aka yi lissafi ba a ga alamar cewa waɗannan sun rage kisan ba. Abin da ya rage shi, da kashi 78 cikin 100, shi ne yanke wa karkanda ƙaho, wanda aka yi wa dabbobi 2,284 a gandaye takwas, kuma bai ci fiye da kashi 1.2 na kuɗin ba. Ana sa wa dabbar maganin barci, a rufe mata ido da kunne, a yanke ƙahon da zarto daga saman inda yake tsirowa, ta farka ta tafi, ɓarawo kuma ya rasa abin da zai sa ransa a haɗari dominsa. Ƙahon yana sake fitowa, don haka sai an maimaita kafin shekara biyu, kuma an ci gaba da kashe wasu domin guntun da ya rage.

Masu binciken ba su ce a sallami masu gadi ba. Abin da suka nuna shi ne kame ba ya tsorata kowa idan akwai na ciki da ke sayar da sirrin sintiri, kuma idan wanda aka kama yau zai fito gobe ya koma daji domin shari'a ba ta tafiya. Wannan darasi ne da ya kamata mu riƙe da hannu biyu. Ba mu da karkanda a Falgore, amma muna da irin wannan rauni, kuma bindiga da mota ba za su yi maganin sa ba. Mai gadin da ya yi wata da watanni bai ga alawus ba, ga iyali a gida, ga mai gawayi yana miƙo masa abin cefane, an ɗora masa jarrabawar da bai kamata a ɗora wa kowa ba.

Ɓangare na biyu da hujja ta yi ƙarfi a kansa shi ne rage asarar da maƙwabtan daji suke yi, domin manomin da giwa ta cinye masa dawa a dare ɗaya ba zai saurari wa'azin kare giwa ba. A Sagalla, kusa da gandun Tsavo na Kenya, Lucy King da ƙungiyar Save the Elephants sun gwada shingen amya: ana rataye amyoyi a tsakanin dirkoki kewaye da gona, a haɗa su da waya, ta yadda idan giwa ta tura wayar sai amyoyin su girgiza zuma ta fito, ita kuwa giwa tana tsoron harbi a ido da cikin hanci da bayan kunne. Sakamakon shekara tara da aka buga a 2024 ya nuna cewa cikin giwaye 3,999 da suka tunkari gonakin, shingen ya kori kashi 76 cikin 100 a matsakaicin lissafi, ya kai kashi 86 a lokacin da amfanin gona ya nuna, ga kuma zumar sayarwa. Amma a farin 2017 ƙudan zuma sun ƙaurace wa kashi uku cikin huɗu na amyoyin, kuma amyar da babu zuma a ciki ba ta da kwarjini sosai. Duk mai son kawo wannan dabara ƙauyukan da ke kewaye da Yankari sai ya fara tambayar yadda zumarmu take yi a tsakiyar bazara. A Botswana kuma an zana idanu da fenti a gindin shanu 683 domin zaki mai kwanton ɓauna ya zaci an gan shi, kuma cikin shekara huɗu ba a kashe ko ɗaya ba, alhali an kashe 15 cikin 835 da ba a zana wa komai ba. Dabara ce mai arha da kowane makiyayi zai iya, sai dai ya kamata a sani cewa irin wannan gwaji mai kwatanci kaɗan ne: wani bita na 2017 ya duba rubuce-rubuce 562 a kan kare dabbobin gida daga namun daji, ya samu 21 kawai da aka yi su da tsarin gwaji na gaskiya.

Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, su ne suka fi burge ni a wannan babi, domin ba a cikin shinge suke ba, a cikin gonakin mutane suke kiwo, har suna cin waken manoma. A 1996 saura 49 suka rage a duniya daga irinsu na Afirka ta Yamma. Gwamnatin Nijar ta tsananta hana farautarsu, ƙungiyoyi suka haɗa da rijiyoyi da ƙananan rance da aikin ja-gorar baƙi ga mutanen yankin, ana kuma ƙirga su ɗaya bayan ɗaya ta hanyar zanen jikinsu, har suka haura 600. Wannan ƙirgar ita ta sa muke iya faɗar haka da tabbaci.

Akwai kuma matakai biyu da muke so ƙwarai amma hujjarsu ba ta da ƙarfi. Na farko shi ne raba wa mafarauta wata sana'a, kamar kiwon kaji ko awaki, da fatan za su bar daji. Wani bita na 2015 ya tattara irin waɗannan shirye-shirye 106, ya samu 21 ne kawai suke da bayanin da za a iya aunawa, cikinsu kuma tara ne suka nuna amfani. Sau da yawa mutum yakan karɓi awakin ya ci gaba da farautarsa, domin ba a ɗaura tallafin da sharaɗi ba kamar yadda aka yi a Yuganda. Na biyu shi ne gangamin wayar da kai. An duba gangami 236 na rage sayen kayan namun daji a duniya, aka ga kashi 9 cikin 100 ne kawai suka ba da wani bayani a kan ko dabbobin sun amfana. Ba ina cewa a daina ba ne, ina cewa yawan mutanen da suka halarci taro da yawan rigunan da aka raba ba su ne sakamako ba.

Maganar sayo dabbobi daga waje kuwa a yi hattara da ita. A 2018 an kai baƙaƙen karkanda shida Zakouma daga Afirka ta Kudu, huɗu suka mutu cikin 'yan watanni domin abincin wurin bai karɓe su ba, a shekarar kuma aka mayar da 11 gandun Tsavo ta Gabas a Kenya, duka suka mutu, akasari saboda ruwan gishiri. Inda abin ya yi nasara, kamar maririn da aka ayyana ya ƙare a daji a 2000 sannan aka fara sake shi a tsakiyar Cadi a 2016 har aka sauke shi daga wannan matsayi a 2023, an yi shekaru ana shiri, an saba wa dabbobin da wurin a cikin shinge, an sa musu na'urar bibiya, an kuma shawo kan makiyayan yankin tun kafin a buɗe ƙofa. Zuba dabba a dajin da ba a kawar da abin da ya ƙarar da ta farko ba, ciyar da mafarauta ne da kuɗin jama'a.

Yanzu bari in dawo cikin birni, domin akwai halittar da ta ɓace a gabanmu muna kallo. Duk wanda ya taso a Kano ya kai shekarun girma ya san yadda ungulu take cika kwata da safe, wasu a jere a kan katanga, wasu suna tsalle a bayan mahauta suna jiran a zubar da abin cikin tumbi, suna ture juna da karnuka, da yamma kuma su koma kan rimi da kuka su kwana. Yau yaro yana iya gama sakandare bai taɓa ganin ta ba, sai dai ya ji a karin magana cewa ungulu ba ta jewar banza. Wurin da na fi ganin ta a 'yan shekarun nan shi ne shimfiɗar mai magani a kasuwa, busasshen kai a ajiye tsakanin ƙayar beguwa da guntun fatar kura, kuma kuɗinsa ya nuna cewa samun sa ya yi wuya. Nazarin da Darcy Ogada da abokan aikinta suka fitar a kan ungulayen Afirka ya nuna cewa iri takwas sun ragu da kashi 62 cikin 100 a cikin shekara 30, kuma guba ce sanadin kashi 61 na mace-macen da aka rubuta, cinikin sassan jikinta domin magani da tsibbu kuma kashi 29. A 2015 aka sa ungulun kwata, irin tamu, cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Abin da ya faru a Indiya ya nuna girman asarar da kuma yadda ake magance ta. A can wani irin ungulu ya ragu da kashi 99.9 cikin 100, ba a san dalili ba sai a 2004 da bincike a Pakistan ya gano cewa maganin ciwon jiki na dabbobi mai suna diclofenac ne yake lalata ƙodar ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurarsa. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da shi ga dabbobi, aka gwada wani maganin mai suna meloxicam aka tabbatar ba ya cutar da ungulu, sannan raguwar ta lafa. Masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa ɓacewar ungulu ta jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005, saboda mushe ya riƙa ruɓewa a fili, ruwa ya gurɓata, karnukan titi suka yawaita. An yi nasara ne domin an gano ainihin sanadin kafin a ɗauki mataki, kuma an ba makiyayi madadin da zai yi masa aiki. Namu sanadin daban ne, don haka kwafo dokar Indiya ba zai wadatar ba. Gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta fara aiki da masu maganin gargajiya a kan amfani da tsirrai a madadin sassan ungulu, kuma hanya ce mai ma'ana, amma za a san ingancinta ne kawai idan ana zagaya kasuwanni ana ƙirga kawunan da ke kan shimfiɗa, ana kuma ƙirga masu rai a mayankun ƙauye a ranar kasuwa, shekara bayan shekara. Malamanmu ma suna da abin faɗa a mumbari a kan wannan ciniki. A Indonesiya majalisar malamai ta ba da fatawa a 2014 tana haramta fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, kuma keɓe hurumi domin amfanin jama'a abu ne da Musulunci ya san shi tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Roƙona ga hukumomin da Falgore yake hannunsu, na jiha da na tarayya, shi ne kafin a sa tubali ɗaya na masaukin baƙi a fara da ƙidaya. A ɗaura kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu a mashaya da hanyoyin dabbobi a tsawon rani guda, a haɗa malamai da ɗaliban Jami'ar Bayero da tsofaffin maharban Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, waɗanda suke bambance sawun gwanki da na kanki da kallo ɗaya, a biya su ladan aikinsu, sannan a buga sakamakon kowa ya gani, ko da ya nuna cewa abin da ya rage kaɗan ne. Bayan haka duk shirin da za a kawo, na biyan ƙauyuka ne ko na yarjejeniyar kiwo da ardo-ardo ko na tsara farautar rani da hana cinna wa daji wuta, a fara shi a wasu ƙauyuka a jinkirta a wasu domin a samu abin kwatanci, a kuma sa albashi da guzurin masu gadi a gaban sayen motoci.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon idan lokacin kare kasafin kuɗi ya zo a majalisar jiha, ka tura wakilinka ya tambayi ma'aikatar muhalli adadin dabbobin da aka ƙirga a Falgore bara da na bana, da yawan kwanakin da masu gadi suka kwana a daji, da yawan waɗanda aka kama aka kai kotu har aka yanke musu hukunci, ka buga mana amsar yadda aka ba da ita.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Gwale, cikin birnin Kano.